Garar Matan Maamobi

Duk unguwar Maamobi da ke birnin Akara an san Ganiyu mai kalangu ba ya kwana da magana a ciki. In kana son labari ya kai unguwar Nima kafin la'asar, ba sai ka nemi mai shela ba, ka ja Ganiyu gefe ka ce masa, "Wannan tsakanina da kai ne." Shi ma ba ya musu. Cewa yake sana'a ce ta jawo masa. Mutumin da ya tashi yana kiran sunayen mutane a filin biki, yaya za a yi suna ya shiga bakinsa ya zauna shiru?

Wata Alhamis, a shekarun da sojoji ke riƙe da ƙasa, ya je shan koko wurin Fulera a bakin lungu. Ta zuba masa, sannan ta ɗora masa ƙullin goro a ganye.

"Goron biki ne. Asabar da hantsi za a kai gara. Ka zo da kalangunka."

Ganiyu ya ɓare ɗaya ya jefa a baki kafin ya ce, "Bikin wa?"

"Ni ma ba ni aka yi."

"Wa ya ba ki?"

"Awabu."

Ya je wurin Awabu mai suyar ƙosai, ta ce Rabi'atu ce ta ba ta. Ya ratsa kwata ya sami Rabi'atu tana tsefe wa 'yarta kai, ta ce ai daga wurin Fulera ya fito. Ya tsaya yana sosa ƙeya. A Zango kuwa in ka ci goron gayyata, ka riga ka ɗauki alkawari, ko ka san mai biki ko ba ka sani ba. Nasa goron har ya rina masa haƙora.

A lokacin babu abin da ya dami unguwar kamar bola. Ɗan kwangilar da aka bai wa aikin kwashe shara ya daina turo mota tun daminar bara. Tarin da ke bayan lungunsu ya yi ta hawa har ya wuce rufin masallaci, awaki na hawa samansa suna kallon jirage na sauka. In iska ta juyo, ko liman sai ya gajarta sura. Maza sun yi taro, sun naɗa shugaba da mataimaki, sun sa manyan riguna sun je ofishin ɗan kwangilar a unguwar Kokomlemle, an ce musu gobe. Mata kuwa ba wadda ta ɗaga murya. Kowa na tuna yadda aka riƙa kwantar da matan kasuwa a bainar jama'a ana zabga musu bulala. Ba macen da ke son a ce ita ce gaba a wani abu.

Asabar da hantsi Ganiyu ya fito da kalangu a hammata, sai ya ja ya tsaya. Bai taɓa ganin gara irin wannan ba. Mata sun cika lungu har bakin titi, sun yi anko da atamfa ruwan ɗorawa, ɗaurin kai kamar zai taɓo wayar lantarki. Kowacce na ɗauke da fanteka ko kwalla, an rufe da murfi, an lulluɓe da zane mai ado. Turare kuwa kamar kwalabe aka fasa musu a jiki.

"Ei! Ɗan wane sarki ne angon nan?" in ji shi.

"Kaɗa mana kawai, sarkin tambaya," in ji Fulera.

Ya matse kalangu ya sakar masa murya. Guɗa ta tashi, layi ya motsa. Ƙudaje sun biyo su kamar hadari, Ganiyu ya ce a ransa lallai alkaki da nakiyar cikin kwallayen nan sun ji zuma.

A mararrabar Nima suka tarar da sojoji sun gitta katako a titi. Da taron maza ne da kwalayen zanga-zanga, da nan tafiya ta ƙare. Amma wa zai tare gara? Wani soja dogo ya rataye bindiga a baya ya shigo fili yana karkaɗa kafaɗa, mata suka zagaye shi da tafi. Da ya gaji ya nuna kwallar kan Awabu ya ce a ba shi cincin.

"Haba ɗana," in ji Awabu, "ba a buɗe gara sai a gidan ango. In mun dawo ka ci har ka ture."

Aka ɗage katako.

Duk wannan daɗin, abu ɗaya ke cin Ganiyu. Kiɗa yake yi babu suna. Makaɗi ba ya kaɗa wa iska, sai ya san mai biki ya wasa ta, ya kira ubanta da kakanta. Ya fara abin da ubansa ya koya masa: kada ka dubi mai babban ɗauri, ka dubi wadda sauran ke duba. Ya juya yana kiɗa da baya-baya. Da aka zo inda hanya ta rabu, ya ga Fulera da ke gaba ta ɗan waiga. Ta bayanta ma ta waiga. Waigen ya yi ta gudu har ƙarshen layi, ya tsaya kan wata tsohuwa da ko anko ba ta yi ba, tana jan silifa, da buta a hannu. Tsohuwar ta mayar da butar hannun hagu. Gaba ɗaya layin ya karkata hagu.

Inna Damata ce, alwanka, mai yi wa amare wankan lalle. Ganiyu ya bi fuskokin matan da kallo. Fulera, ita ta wanke ta. Awabu, ita. Rabi'atu da uwar Rabi'atu, ita. Shi ya yi kiɗan rabin bukukuwan nan, ya sani. Babu ɗakin da Inna Damata ba ta shiga ta rufe ƙofa da amarya ba, kuma babu namijin da ya taɓa tambayar me suke cewa a ciki.

Ya sulale ya koma baya, yana kiɗa yana tsalle, har ya jera da ita.

"Inna! Inna, ashe ke ce..."

Ba ta ko dube shi ba. "Ni ce wa? Tsohuwa ce ta biyo biki ko za ta sami shinkafa."

"Wallahi na gane! Bari in wasa ki, Inna, sau ɗaya!"

Sai ta kama kunnensa, kamar uwa na gyara wa ɗanta hula, ta murɗe. "Ganiyu ɗan Adisa, saurara. In sunana ya fita daga bakin nan naka yau, bayana ne zai sha bulala, ba naka ba. Kuma bayan nan ya tsufa. Koma gaba ka yi aikinka."

Ya koma gaba kunne na zafi, suna na tafasa a cikinsa kamar tukunyar wake.

A Kokomlemle suka tsaya ƙofar wani gida mai fenti fari da baranda mai sheƙi. Sai a lokacin ya gane ofishin ɗan kwangilar ne. Mai gadi ya miƙe yana washe baki, ya zaci rabonsa ne ya zo. Fulera ta rangaɗa guɗa ta ce, "A gaya wa ango mun kawo gara! Ya daɗe bai zo ɗauka ba, mun ce bari mu hutar da shi!"

Ta yaye zanen, ta ɗaga murfi, ta kife kwallar a kan baranda.

Ɓawon rogo, ƙashin kifi, tsumma, ganyen ƙunshe tuwon kenke da ya yi baƙi, mataccen ɓera. Kafin mai gadi ya rufe baki, sauran sun biyo baya, ɗaya bayan ɗaya, kowacce da rausayarta, kamar masu zuba turare a wuta. Bolar Maamobi ta tashi a ƙofar ofis har ta rufe taga. Akawu ya leƙo ta sama ya koma da gudu. Ganiyu ya yi dariya har kalangu ya kusa kuɓuce masa, sannan ya kama wani kiɗa da bai taɓa yi ba, mata suka kife fantekokinsu suna dukansu da tafin hannu.

Da motar 'yan sanda ta iso, ba wadda ta gudu. Kowacce ta zauna a kan kwallarta tana fifita da gefen mayafi. 'Yan sanda suka duba, ga mata sun fi ƙarfin mota, ga namiji ɗaya tal a gaba, shi ya fi kowa ƙara. Suka ɗauke shi da kalangunsa. Matan suka miƙe suka bi motar a ƙafa.

A caji ofis Ganiyu ya shirya wa mari. Sai ya ga an jawo masa kujera. Sufeton wani dattijo ne mai furfura a gashin baki, ya yi aiki a arewa ya iya Hausar bariki. Kusa da shi Kofur Mumuni ke tsaye, ɗan Zango ne, gidansa na bayan kasuwar Malam Atta, ya kafa ido a bango kamar bai taɓa ganin Ganiyu ba.

"Mai kiɗa, zauna," in ji Sufeto. "Ni ba ya duka mai kiɗa. Daga sama an ce a kawo shugaba. Kai ba shugaba ba, ni ya sani. Wanene mai biki?"

"Ranka ya daɗe, goro kawai aka ba ni."

"Wa ya ba ka?"

"Fulera. Ita kuma Awabu. Ita kuma Rabi'atu. Ita kuma Fulera."

Sufeto ya yi murmushi, ya jingina. Ya san makaɗa. "Kai, wannan aiki ya yi kyau. Shekara da yawa ni yana aikin ɗan sanda, ban ga irinsa ba. Ya wuce soja, soja yana rawa! Wanda ya shirya wannan, kansa ya fi na janar. Amma abin tausayi. Gobe wani alhaji zai sa babban riga ya ce shi ne. Mai aikin zai mutu, ba wanda ya san sunansa. Ba waƙa, ba kirari. Ko Zango ba shi da makaɗi ne?"

Wannan magana ta soki Ganiyu inda mari ba zai kai ba. Kirarin ya riga ya haɗu a kansa tun a hanya, baiti bayan baiti, mai daɗin da bai taɓa yin irinsa ba. Harshensa ya yi nauyi da shi. Ya ji harafin farko ya hau leɓensa. Ta taga yana hango mata cike da harabar, can baya kuma, a gindin bishiya, ga tsohuwa zaune da buta, ƙashin kafaɗarta ya turo ta cikin riga.

Ya miƙe zumbur. "Ranka ya daɗe, a ba ni kalanguna. Mai biki ba a faɗin sunanta da baki ƙurum. Sai da kiɗa."

Sufeto ya yi wa Kofur alama, aka miƙo. Ganiyu ya matsa bakin ƙofa, ya cika ƙirji, ya saki.

"Ina mai biki? Ga mai biki! Fulera ta Alhassan, jikar masu shanu, ludayinki bai san rowa ba!"

A Zango, macen da makaɗi ya kira ba ta zama. Kunya ce. Fulera ta taso da rawa, ta hau matakala, ta shigo har gaban tebur, ta share wa Ganiyu zufa da gefen mayafi. Sufeto ya ɗaga hannu zai ce a kama ta.

"Ina mai biki? Ga mai biki! Awabu 'yar Mossi, mai ƙosan da ya hana ɗan makaranta zuwa aji!"

Awabu ta shigo tana juyi. Bayanta Rabi'atu, bayanta uwar Rabi'atu da sanda. Ganiyu ya san kowacce, ya san garin kakanta, ya san abin da take sayarwa da wanda ya fara nemanta bai samu ba. Ya kira 'yan Dagomba, ya kira 'yan Zabarma, ya kira Kotokoli da Wangara da Yarbawa. Duk wadda ya kira mai biki ce. Ofis ya cika, aka ture tebur gefe, wata ta ɗora fantekarta a kan wayar tarho. Ɗaurarrun da ke bayan kanta suka kama tafi.

"Tsaya! Tsaya!" Sufeto na ihu, ba mai jin sa.

"Ina mai biki? Ga mai biki! Fusena ta Kofur Mumuni, wadda ta guge kakin nan da hannunta!"

Fusena ta ratso, ta tsaya gaban mijinta ta girgiza masa kafaɗa. Kofur Mumuni ya rufe ido yana motsa baki kamar mai istigfari. Sufeto ya dube shi, ya dubi matar, ya zauna daɓas.

Ganiyu ya ji kamar yana shawagi. Ya zubar da sunaye sun fi cikin kwando, ɗaya kawai ya bari a ƙasan ciki, kuma ba wanda ya lura. Ya sassauta kiɗa zai rufe.

Sai wata murya ta tashi, siririya, da Hausa tsantsa irin ta mutanen Maraɗi. Safara'u ce, amaryar Hudu mai sayar da albasa, ba ta daɗe da zuwa Akara ba. Ba wanda ya gaya mata komai, goro kawai ta ci kamar kowa. Abin da ta sani shi ne a garinsu ba a tsallake babba.

"Kai makaɗi, ba ka da ta ido? Ka kira yara ka bar uwarmu a rana? Ga Inna Damata can ba ka ambace ta ba!"

Tafi ya mutu. Mata suka sunkuyar da kai lokaci guda, kuma wannan sunkuyon ya fi ihu tona asiri. Sufeto ya miƙe a hankali, ya leƙa taga.

"Wanene wancan tsoho? Me ya sa kai bai kira shi ba? Kofur, kawo shi."

Aka shigo da ita tana jan silifa. Ta tsaya tsakiyar fili, ƙarama, buta a hannu. Sufeto na kallon Ganiyu, ba ita ba.

Makaɗi na da makami biyu. Akwai kirari ga mai kyauta, akwai zambo ga marowaci. Ganiyu bai taɓa yi wa tsohuwa zambo ba, balle wadda ta wanke uwarsa ranar aurenta. Ya karkata hula, ya kwashe da wata dariyar rainin hankali.

"Wannan? Ranka ya daɗe, wannan zan ɓata wa fatar kalangu?" Ya buga wani kiɗa mai tsalle-tsalle irin na tsokana. "Damata mai haƙori biyu, ɗaya na goro ɗaya na naman mutane! Ba a gayyace ki ba kin riga amarya zuwa! Tana jin ƙamshin shinkafa tun daga garin Tema, amma in an ce kawo gudummawa sai kunne ya toshe! Tun ina yaro take bin biki, ko ɓawon goro ba ta taɓa liƙa mini ba! Ku dube ta, ko anko ba wadda ta yarda ta ba ta!"

Kowace kalma kamar yana tauna tsakuwa. Ba wanda ya yi dariya. Sai Inna Damata ta ɗaga buta sama ta yo kansa.

"Ɗan banza mai bakin kwata! Ni kake zagi? Na ga uwarka tana kuka ranar lalle da majina har haɓa! Ina shinkafar da aka ce za a raba? Tun safe nake tafiya, ƙafata ta kumbura, ashe shara ce! Shara! Allah ya isa tsakanina da mai bikin nan!"

Ta kwaɗa masa butar a ƙeya. Fulera ce ta fara fashewa, sauran suka bi, har da ɗaurarru. Ganiyu ya zagaya tebur da gudu, tsohuwa na bin sa tana haki tana tsine wa kakanninsa. Sufeto ya yi ta riƙe fuska har gashin bakinsa ya fara rawa, sannan ya kife a kan tebur yana dukan katako.

"Fitar da shi! Fitar da tsohon nan kafin ya kashe mutum a ofis na! Duka ku fita! Kai mai kiɗa, in ni ya sake ganin ka, kalangu zai kwana a sel!"

Kofur Mumuni ne ya raka Inna Damata har bakin titi, yana riƙe mata buta. Da za ta tsallaka ya ɗan rusuna ya ce, "A sauka lafiya, Inna."

Cikin makon nan motar shara ta dawo Maamobi, har biyu. Shugaban kwamitin maza ya sa babbar riga ya tsaya kusa da direba yana nuna masa inda zai ja da baya.

Ganiyu bai je kallo ba. Da la'asar ya nufi ɗakin Inna Damata, ya tarar tana tankaɗe garin lalle. Ya cire takalmi ya tsuguna a bakin ƙofa.

"Inna, ki yafe mini. Bakina ya yi miki abin da bai kamata ba."

Ta ci gaba da tankaɗe. Can ta ce, "Na shinkafar ya yi daɗi. Na ankon ma ba laifi." Ta ajiye rariya, ta buɗe baki ta nuna masa da yatsa. "Amma zo ka duba nan. Biyu ka gani? Huɗu ne, ɗan nema. A gaban hukuma ka rage mini biyu."

"Zan gyara, Inna. Ki bar ni in yi miki na gaskiyar. Yana nan a cikina, ya hana ni cin abinci. Nan cikin ɗaki, ba kalangu, ba mai ji."

Ta dube shi, ta leƙa tsakar gida, ta ce, "Jawo ƙofar. A hankali, ka ji? Kamar mai gaya wa sauro magana."

Ya jawo ƙofa, ya durƙusa, ya fara da raɗa. Baitin farko ya fita lafiya. A na biyu ta daina tankaɗe, ta kau da kai tana murmushi. A na uku jijiyar wuyansa ta miƙe, ƙirji ya buɗe, murya ta fara hawa da kanta. Inna Damata ta damƙi lalle cike da hannu ta toshe masa baki da shi.